Dogon Hutu da Malamin Kimiyya

Ko wace shekara, daga wajen ƙarshen watan Yuli zuwa tsakiyar Satumba, makarantun sakandare na ƙasar nan su kan rufe, yara su watse, malamai kuma kowa ya kama gabansa. Wani ya tafi gona, gama lokacin damina ce. Wani ya shiga koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu. Wani kuwa ya koma ƙauyensu ya huta. Babu abin zargi cikin waɗannan duka, don albashi bai cika kai mutum ƙarshen wata ba. Amma akwai wani amfani da za a iya yi da wannan hutu wanda ba mu saba da shi ba tukuna, watau malamin kimiyya ko na lissafi ya tafi wata masana'anta ko ma'aikata ya yi makonni yana aiki da hannunsa tare da ma'aikatan wurin, sa'an nan ya komo aji da abin da ya gano. A kan wannan na ke so mu yi nazari, mu da mu ke shirin fita aikin koyarwa, da malamanmu waɗanda suka riga mu.

Dalilin da ya sa a ke bukatarsa

Ku dubi hanyar da yawancinmu muka biyo. Yaro ya gama firamare, ya shiga sakandare, ya wuce kwaleji, ya sake komawa sakandare yana malami. Tun yana shekara shida bai taɓa fita daga cikin aji ba, wurin tsayawa kaɗai ya sake: da yana fuskantar allo, yanzu ya ba allo baya. Ya san dokokin lantarki, amma bai taɓa tsayawa kusa da babbar taransifoma ya ji rurinta ba. Ya iya lissafin kashi cikin ɗari, amma bai taɓa ganin inda kuskuren kashi ɗaya ya jawo wa mutum hasarar kuɗi ba.

To, ran da wani yaro mai kaifin hankali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina amfanin wannan?" me irin wannan malami zai ce? Galibi amsa ɗaya ce, "Zai fito a jarrabawa." Yaro ya yi shiru, amma bai gamsu ba. In lokacin zaɓen fanni ya zo, waɗansu su guje wa kimiyya don suna ganin wahala ce marar kan gado. Waɗanda suka tsaya kuwa su haddace, su rubuta, su manta. Ga shi kuwa a kan kira jiharmu gidan ma'adinai. In 'ya'yanmu ba su iya awo da gwaji ba, su za su riƙa ɗaukar duwatsu a ka, baƙi kuma su riƙe ma'auni.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa in an manta da malami. Sa'ad da aka soma aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki masu yawa daga ƙasashen Turai don koyar da fasaha a ƙananan sakandare. A makarantu da dama kayan nan suka tsufa cikin akwatunansu. A wani wuri babu wutar lantarki, a wani babu ɗakin da za a kafa su, a wurare da yawa kuwa babu malamin da ya taɓa sarrafa irinsu. An sayi doki, ba a tanadi mahayi ba.

Abin da mu ke da shi a Nijeriya

Tura mai koyo masana'anta ba baƙon abu ba ne a gare mu. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wanda a ke kira ITF, hedkwatarsa tana Jos. A 1973 asusun nan ya ƙago shirin da kowa ya sani da sunan SIWES, domin masu kamfanoni suna kuka cewa waɗanda su ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san aiki ba. Bisa ga shirin, ɗalibin jami'a ya kan yi wata shida a wurin aiki, na kwalejin fasaha da na kwalejin horon malamai kuwa wata huɗu. Ko wane ɗalibi yana da littafin da ya ke rubuta aikinsa na kullum, mai kula da shi a ma'aikata ya sa hannu, malaminsa na makaranta kuma ya zo ya duba shi.

Shirin nan yana da kyau, amma ku lura da inda ya tsaya. Na ɗalibai ne, ba na malaman da ke bakin aiki ba. A kwalejojin horon malamai ma, waɗanda ya fi shafa su ne masu karanta fannonin sana'a, kamar aikin gona da kasuwanci da ƙere-ƙere. Sau ɗaya kuma a ke yinsa. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da fiziks, duniya ta sake a bayansa: fitilar ƙwai ta ba da wuri, faranti mai kama hasken rana ya hau rufin gidaje, waya ta shiga aljihun kowa. In bai fita ya gani ba, da misalan da ya gada zai ci gaba da koyarwa.

Gaskiya ne ƙungiyar malaman kimiyya ta Nijeriya, STAN, wadda aka kafa tun 1957, tana shirya tarurruka da bita, suna kuwa da amfani ƙwarai. Sai dai a irin wannan taro malami ne ya ke koya wa malami. Abin da ya rage shi ne malami ya zauna gaban injiniya, ko mai awon ƙasa, ko tsohuwar da ta shekara arba'in tana dafa gishiri.

Yadda waɗansu suka yi

A Amurka dogon hutun makarantu ya kan faɗo lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta. A 1985 waɗansu kamfanoni na yankin San Faransisko, a jihar Kalifoniya, suka haɗa kai da wata cibiyar koyar da kimiyya ta jami'ar Berkeley, suka kafa ƙungiya mai suna IISME, wadda daga baya ta sake suna zuwa Ignited. Ga tsarin da suka ɗauka: kamfani ya karɓi malami har mako takwas, ya ba shi aiki na gaske irin wanda kamfanin ya ke bukata, a kuma biya shi. Sharaɗin da aka ɗora masa shi ne kafin ya gama ya rubuta shirin darasi wanda zai kai abin da ya koya cikin ajinsa. A ganina wannan sharaɗi shi ne gishirin miyar, gama in babu shi, abin ya zama neman kuɗin hutu kawai.

Ko yara suna amfana? An bincika. Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York ta soma wani shiri a 1990, inda malaman kimiyya na sakandare su ke yin mako takwas-takwas cikin dogon hutu biyu a jere suna aiki a ɗakunan bincike na jami'ar. A 2009 aka buga sakamakon a mujallar Science. Aka ga cewa a shekara ta uku da ta huɗu bayan malami ya shiga shirin, yawan ɗalibansa da ke cin jarrabawar kimiyya ta jiha ya fi na sauran malamai da wajen kashi 10 cikin 100. Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na fari, ɗakin binciken jami'a aka kai waɗannan malamai, ba masana'anta ba, amma tushen ɗaya ne, watau malami ya yi aikin da hannunsa. Na biyu, amfanin bai bayyana nan da nan ba, sai da aka yi shekaru. Wanda ya shuka mangwaro ba ya zuwa da kwando washegari.

Ina za mu je a kewayen Lafia?

Wani zai ce, "Ai can ƙasar masana'antu ce, mu me mu ke da shi?" Bari mu ƙidaya. A cikin garin Lafia akwai injunan casar shinkafa masu yawa, da masu turara ta. A Rukubi, cikin ƙasar Doma, akwai babbar gonar shinkafa ta kamfanin Olam da injin casa wanda aka buɗe a 2014. A Tunga, cikin ƙasar Awe, akwai gonar rake ta kamfanin Dangote. A Akurba, nan bakin gari, akwai tashar rarraba wutar lantarki wadda aka buɗe a watan Fabrairu na 2022. A Keana da Awe ana dafa gishiri tun kaka da kakanni. A Azara ana haƙar dutsen barayit. A watan Mayu na 2024 kuma aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar nan, shi ne ma'adinin da a ke yin batirin waya da shi. Ban da waɗannan akwai gidan ruwa, da ɗakunan gwajin jini na asibitoci, da ofishin masu awon ƙasa, da masu buga bulo, da masu kafa farantan hasken rana.

Domin mu ga irin guzurin da malami zai iya komowa da shi, ga darussa huɗu. Lambobin da na sa cikin lissafin na misali ne, don sauƙin aiki. Malamin da ya je wurin zai komo da na gaske.

Darasi na ɗaya: buhun shanshera

Shinkafar da aka yanke yanzu tana da danshi da yawa, sau da yawa fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Kafin a ajiye ta ko a casa ta, sai an shanya ta har danshin ya sauko wajen kashi 14. In ba haka ba ta yi fumfuna a rumbu. Manyan masu saye suna da ɗan ma'auni da su ke gwada danshin kafin su yi ciniki.

To, a ce ga buhu mai kilo 100, danshinsa kashi 22. In aka shanya shi ya sauko kashi 14, kilo nawa zai rage? Yawancin yara za su ce 22 a ɗebe 14 saura 8, saboda haka kilo 92. Ba haka ba ne. Cikin kilo 100 ɗin nan, kilo 22 ruwa ne, kilo 78 kuma tsabar shinkafa da ɓuntunta, waɗanda rana ba ta rage su. Bayan shanya, wannan kilo 78 shi ne kashi 86 cikin 100 na sabon nauyin. Saboda haka sai a raba 78 da 0.86, a samu kilo 90.7. Bambancin kilo 1.3 ne a ko wane buhu. A buhu ɗaya ba a bakin kome ya ke ba, amma a buhu 1,000 ya zama kilo 1,300, watau buhu goma sha uku cur. Yaron da ubansa manomin shinkafa ne, in ya ji wannan, ba zai sake tambayar amfanin kashi cikin ɗari ba. Shi da kansa zai kai labarin gida.

A wurin masu turara shinkafa kuma malamin kimiyya zai ga wani abu. A shekarun baya, wani shiri na haɗin gwiwa da hukumar JICA ta ƙasar Japan ya koya wa masu wannan sana'a a Lafia da Bida su sa faranti mai huji-huji a cikin tukunya, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, don tururi ya dafa ta maimakon ta nutse cikin ruwa. Ga darasi a kan tururi da yadda zafi ke ratsa abu, a tukunyar da yara su ke wucewa ta gefenta kullum.

Darasi na biyu: wayar da ke bisa dogayen ƙarafa

Wutar da ke shigowa tashar Akurba tana zuwa da ƙarfin bolt 330,000, a can a ke sauko da ita zuwa 132,000 da 33,000, kāna taransifomar unguwa ta ƙara sauko da ita zuwa wajen 230 da mu ke amfani da shi a gida. Me ya sa a ke wannan hawa da sauka? Me ya hana a aiko ta da ƙaramin ƙarfi tun daga tushe?

Amsar tana cikin ƙa'idodi biyu da ke littafin aji biyar. Ta fari, yawan aikin da wuta ke yi shi ne bolt sau amfiya. Ta biyu, wutar da ke ɓacewa a hanya ta zama zafi ita ce amfiya sau amfiya sau turjiyar waya. A ce za a aika kilowat 33,000 ta wayar da turjiyarta om 5 ce. In aka aika da bolt 33,000, amfiya 1,000 za ta bi wayar. Hasarar kuwa 1,000 sau 1,000 sau 5, watau kilowat 5,000. In aka aika da bolt 330,000, amfiya 100 kaɗai za ta bi. Hasarar 100 sau 100 sau 5, watau kilowat 50. An ninka bolt sau goma, hasara ta ragu sau ɗari. Na sauƙaƙa lissafin, gama layin gaske wayoyi uku ne ke aiki tare, amma dalilin bai sake ba. Malamin da ya yi wata guda yana bin injiniyoyi, yana karanta ma'aunai tare da su safe da yamma, zai faɗi wannan da bakin wanda ya gani, gani kuwa ya kori ji.

Darasi na uku: gishirin Keana

Matan Keana ba su ɗora ruwan gishiri a wuta kai tsaye daga tafki. Su kan yayyafa shi bisa ƙasa, rana ta busar, su kankare ƙasar da ta sha gishiri su zuba cikin tukwane masu huji a gindi, su kwarara ruwan gishiri a kai, su tari abin da ya tsatso, sa'an nan su dafa shi har ya ƙafe. A nan akwai narkewa, da tacewa, da ƙafewa, duk abin da mu ke zanawa a allo a babin raba abubuwan da suka gauraya.

Amma don me su ke shan wannan wahala ta yayyafi da kankara? Mililita 100 na ruwa ba ya narkar da gishiri fiye da wajen giram 36, ko an ɗumama shi kuwa abin da ya ke ƙaruwa kaɗan ne. Saboda haka ko ruwan ya ƙoshi da gishiri sarai, sai an ƙafar da kusan lita 2.8 kafin a samu kilo guda. In kuwa ƙarfin ruwan rabin haka ne, sai an ƙafar da ninki biyu, itacen da za a ƙona ma ninki biyu. Ashe matan nan suna sa rana ta yi musu rabin aikin kyauta, don su rage kuɗin itace. Ba su karanta kemistiri ba, amma malamin kemistiri yana da abin koyo a wurinsu. A lura fa, wannan aikin rani ne, saboda haka hutun da ya dace da shi na ƙarshen shekara ne ko na ƙarshen zango na biyu.

Darasi na huɗu: dutsen Azara

Barayit dutse ne mai nauyi ƙwarai. Masu haƙar man fetur su kan niƙa shi su gauraya da taɓon da su ke turawa cikin rijiya, don nauyinsa ya danne gas da mai kada su yi tsiri. Saboda haka nauyinsa shi ne darajarsa. Tsantsarsa ta fi ruwa nauyi wajen sau 4.5, masu saye kuwa su kan nemi wanda ya kai wajen 4.2. Farin dutsen da ya kan gauraya da shi bai wuce 2.65 ba.

Yaya za a gane mai kyau? A auna ɗan dutsen a sikeli, a ce giram 210. A jefa shi cikin kwalbar awo mai ruwa mililita 100, ruwan ya hau zuwa 150. Girman dutsen ke nan mililita 50. A raba 210 da 50, a samu 4.2. Wannan gwaji ba ya bukatar wutar lantarki, ba ya bukatar kayan waje. Yaron da ya iya shi, ba za a saye dutsen ƙauyensu a farashin tsakuwa yana kallo ba.

Yadda malami zai shirya

Kafin tafiya, sai ya ɗauki manhajar zangon da ke tafe, ya zaɓi babi biyu ko uku waɗanda su ke ba yara wuya, ya nemi wurin da a ke aiki da su. Ya sami takarda daga shugaban makarantarsa, ya kai da kansa tun da sauran wata biyu, ya faɗi a fili abin da ya ke so ya koya da abin da zai iya taimakawa da shi. Malamin lissafi yana iya tsara musu littafin awo, ko ya duba ƙididdigar kaya. Wanda ya zo da hannun taimako an fi marhabin da shi bisa ga wanda ya zo kallo.

A wurin aiki, sai ya ajiye girman malanta a bakin ƙofa. Mai yiwuwa ne wanda zai koya masa bai gama sakandare ba. Ya kira shi da girmamawa, ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Ya zo kan lokaci. Ya bi dokokin tsaro sau da ƙafa, ya sa hular kwano da takalmin aiki inda aka ce a sa, kada ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba, musamman a tashar lantarki da ramin haƙa, inda kuskure ɗaya ya isa. Ko wace yamma ya rubuta abu uku a littafinsa: abin da aka auna yau, da abin da aka auna shi da shi, da abin da zai faru in awon ya kuskure. In zai ɗauki hoto ko ya kwafi lambobi, ya nemi izini, don ko wace ma'aikata tana da asirinta.

Bayan ya komo, kada ya bar abin ya huce. Cikin mako biyu na fari ya rubuta darasi ɗaya cikakke, ya koyar da shi, ya gyara, ya ba 'yan'uwansa malamai su gwada. Ya aika wa ma'aikatar da takardar godiya tare da kwafin darasin. Ta haka ƙofar za ta kasance a buɗe ga wanda zai zo baɗi, watakila ma injiniyan ya yarda ya zo ya yi wa yara magana.

Wahalolin da ke ciki

Ba zan ɓoye muku ba, abin yana da ƙaya. Babbar ƙayar ita ce kuɗi. Dogon hutunmu ya faɗo tsakiyar damina, malamin da ya bar gonarsa a watan Agusta ya bar abincin iyalinsa. Ba daidai ba ne a ce ya yi wannan sadaukarwa daga aljihunsa. Ko ma'aikatar da ta karɓe shi, ko Ma'aikatar Ilmi, ko ƙungiyar iyaye da malamai, lalle wani ya ɗauki kuɗin mota da na abinci. Mako takwas irin na Amurka ya yi mana yawa. Mako uku ko huɗu, a wurin da mutum zai iya zuwa ya kwana gida, ya fi dacewa da halinmu. Wannan kuma zai sauƙaƙa wa malamai mata masu renon yara, waɗanda bai kamata a bar su a baya ba, gama 'yan mata da yawa a wurinsu su ke ganin ko kimiyya ta mace ce.

Ta biyu, shugabannin makarantu suna tsoron kada malami ya ga albashin kamfani ya ƙi komowa. Tsoron yana da dalili, malamin fiziks ba shi da sauƙin samu. Amma wanda ya yi niyyar tafiya, rufe masa ido ba zai tsai da shi ba. Abin da ya fi shi ne a yi yarjejeniya a rubuce cewa zai koyar aƙalla shekara guda bayan komowarsa, a kuma lissafa masa wannan horo sa'ad da a ke duba ƙarin girma.

Ta uku, mai masana'anta zai ce, "Ni ina ribata?" Sai a amsa masa da lissafi. Malami ɗaya mai aji huɗu, ko wane aji yara hamsin, yana tsayawa gaban yara 200 a shekara. Daga cikin yaran nan ne masana'antar za ta ɗauki ma'aikatanta nan da shekara biyar ko goma. In ta koya wa malaminsu yadda a ke awo na gaskiya, ta rage wa kanta wahalar horar da su daga fari.

Abin da za mu iya somawa da shi

Ba sai mun jira an kafa hukuma ba. Mu da ke kwaleji yanzu, ko wane ɗayanmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabci a wata sana'a da a ke awo a cikinta. Ina roƙon ƙungiyar ɗaliban kimiyya da lissafi ta wannan kwaleji ta rubuta sunayen wuraren da ke shirye su karɓi mutum biyu-biyu a hutu mai zuwa, malamanmu kuma su taimake mu da takardun gabatarwa. Waɗanda suka je su kawo darussansu a buga a waɗannan shafuffuka, don na baya su samu abin dafawa.

Kafin nan, ga tambayoyi uku na gwaji, ku aiko da amsoshinku ga edita.

1. Manomi ya kawo shanshera kilo 500, danshinta kashi 24. Kilo nawa za ta zama in ta bushe zuwa kashi 14?

2. In aka aika kilowat 33,000 ɗin nan da bolt 132,000 ta wayar nan mai om 5, kilowat nawa zai ɓace a hanya?

3. Dutse mai giram 159 ya ɗaga ruwa daga mililita 100 zuwa 160. Barayit ne ko farin dutse? Faɗi dalilinka.